Ranar Suna: Kowa Yana Kallon Jariri, Wa Ke Kallon Wansa?

  

Idan aka yi haihuwa a wani gida a ƙasar Bakori, daga cikin gari har Tsiga ko Kabomo ko Kurami, ba a jiran wani ya raba aiki, domin kowa ya san nasa. Ungozoma ko malamar asibiti ta gama nata tun daren farko. Kaka ta hura wutar ruwan wanka. Maigida ya yi wa jariri huɗuba, ya shiga neman goro da rago, in ba a riga an kiwata ragon tun cikin yana ƙarami ba. Mata suna ta shigowa barka, ana dafa ƙauri, an aika wa liman da wanzami. Ran bakwai da sassafe a raɗa suna, a yanka rago, a yi aski, da yamma mata su cika gida. Tsari ne da aka gada kaka da kakanni, kuma bai manta da kowa ba sai mutum ɗaya: yaron da har makon jiya shi ne auta.

Shekararsa biyu ko uku. Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin da jiya nasa ne, yau kuwa in ya shiga sai a ce ya fita kada ya taka jariri. Kowace baƙuwa ta wuce shi da sabulu da 'yan riguna, ba ko ɗaya nasa. Wadda ta lura da shi kuma tsokana ce za ta yi: “An sauke ka daga sarauta,” ko “An ƙwace maka Inna.” Mata su kwashe da dariya. Bayan kwana biyu ya koma fitsarin kwance, ya ƙi tuwo, ya faki ido ya mintsini jariri. A dake shi, a ce mugu ne. Shi ke nan an raɗa masa suna na biyu a gidan, ba tare da rago ba.

Wannan ba ƙaramin lamari ba ne a wurinmu. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Katsina mace takan haifi 'ya'ya 7.3 a matsakaicin lissafi, adadin da ya ɗara na kowace jiha a Najeriya. Wato in ban da auta, kusan kowane ɗa a cikinmu ya taɓa tsayawa a bakin wannan ƙofa. Ɗan fari kuwa zai ga suna biyar ko shida daga ɗakin mahaifiyarsa kaɗai, ban da na ɗakunan abokan zamanta.

Mu da akan kira sulhu idan rabon gado ya taso, mun sha ganin dattawa biyu masu furfura suna ɗaga wa juna murya a kan iyakar gona da ba ta wuce kunya uku ba. In aka bi maganar a hankali sai a tarar ba gonar ba ce. Can sai ɗaya ya ce, “Ai tun muna yara shi ake so.” Gonar masara ko ta auduga ta zama mafaka ce kawai ga ciwon da ya shekara hamsin. Zumuncin wa da ƙane ana dasa shi ne tun makon suna, kuma babban abin da ake dasa shi da shi labari ne: abin da aka gaya wa babba game da ƙarami, da abin da aka gaya masa game da kansa.

Abin da magabata suka tanada

Ba daidai ba ne a ce mutanen da ba su san wannan ciwo ba. Sun san shi, sun kuma yi masa tanadi, sai dai ba su rubuta shi ba.

A fara da jego. A wannan yanki namu maijego ba ta hannun kowa har kwana arba'in, wani lokaci ma fiye: wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kunun kanwa, a da har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Ƙarfin wannan al'ada a nan ya kai har likitoci suka rubuta shi. A 1974 wasu likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da bincike kan mata 224 da ciwon zuciya ya kama a kusa da haihuwa, suka gano cewa cutar ta fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, inda aka fi tsananta wanka da zafi da kanwa. Masu bincike na baya sun ƙara wasu dalilai, kamar talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ma dai mene ne, maijegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a kai ta, ba ƙarin ruwan zafi ba. Babu haƙƙin da ya fi girma ga babban yaro da jaririn gaba ɗaya kamar uwarsu ta rayu.

To, a cikin waɗannan kwanaki arba'in, wa ke riƙe da babban? Kaka. Tun a yaye aka kai shi wurinta, ya saba da ɗakinta da furarta. Ita ce mai kiran jikanta namiji mijinta, jikarta mace kishiyarta, ta yi musu wasan da uwa ba ta yi. Ga gwaggo, ga inna, ga matar baffa a sashe na gaba. Wanda ya karanta tarihin Baba ta Karo, dattijuwar da Mary Smith ta rubuta rayuwarta daga bakinta a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, zai ga yadda riƙon 'ya'ya yake a ƙasar nan. Ita kanta Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta goya 'ya'yan dangi ta aurar. Giwa kuwa ba nisa gare ta da mu ba, tana kan hanyar Funtua zuwa Zariya. Yaro a wancan zamani in an sauke shi daga baya ɗaya, akwai wani bayan yana jiransa.

Akwai kuma hikimar da ke cikin laƙabi, wadda ba kasafai ake lura da ita ba. Namijin da ya biyo mata shi ne Tanko. Macen da ta biyo maza ita ce Kande ko Delu. Wanda ya biyo tagwaye shi ne Gambo. Waɗannan sunaye ba jaririn kaɗai suke bayyanawa ba, da yayyensa ake auna shi. Duk ranar da aka kira Tanko, an ambaci 'yan matan da suka riga shi. Bahaushe ya shigar da babba cikin sunan ƙarami, sannan ya ɗaure ƙaramin da kalmar Yaya har tsufa, ya ce babban wa uba, babbar ya uwa.

Wannan ginin ne yake zubewa a gabanmu. Matashi ya yi aure ya kama haya a Funtua ko Kaduna, kaka tana ƙauye. Rashin tsaron da ya addabi yankin Guga da Kakumi da Kandarawa, wanda ya yi muni ƙwarai a farkon 2023, ya raba gidaje da yawa, ya sa kai yaro ƙauye ya kwana biyu wurin kakarsa ya zama abin a yi shawara. Dandalin dare ya mutu a wurare da dama. Inda tsohuwa take zama da jikoki bayan sallar Isha, yanzu waya ce a hannun yaro ko fim ɗin Indiya mai fassara. Mun riƙe ragon da goron da ankon, mun saki abin da yake riƙe zuciyar babban.

Abu biyu daga tsohuwar al'adar ma sun zama nauyi da aka cire musu kaka. Na farko alkunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. A da wasu ne suke cike masa wannan gurbi. Yau yana zaune a ɗaki ɗaya da uwar da ba ta taɓa rungumarsa a fili ba, yana kallon tana yi wa ƙanensa rawa a cinya. Kunya alheri ce, amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya sanar da shi cewa wanda ba ya jinƙai ba a jinƙansa. Ba a keɓe ɗan fari daga wannan ba.

Na biyu yayen gaggawa idan an yi kwanika. Da zarar an gane ciki, sai a ce nonon ya zama guba, a shafa masa ɗaci, a cire yaro rana ɗaya. Imamu Malik a Muwaɗɗa, haka Muslim, sun kawo cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, wadda malamai suka fassara da kusantar mai shayarwa ko shayarwar mai ciki, sai ya fasa, saboda Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu. Abin da yake kayar da yaro shi ne a cire shi daga nono farat ɗaya ba tare da abincin da zai maye gurbinsa ba, sai koko tsararo. Likitoci a duniya suna kiran wani nau'in tamowa da suna kwashiyoko. Kalmar daga harshen mutanen Ga na ƙasar Gana take, wata likita mai suna Cicely Williams ce ta shigar da ita littattafan likitanci a 1935, ma'anarta kuwa ciwon da yake kama yaron da aka sauke saboda wani ya zo. A yankin da ake noma waken suya da gyaɗa da wake kamar namu, abin kunya ne wan jariri ya kumbura don yunwa alhali ana suyar naman suna.

Me tatsuniya take gaya masa?

Mu koma ga labari. Hausa ba ta da talaucin tatsuniya. Frank Edgar ya tara juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida a farkon shekarun 1970, ban da abin da ke bakin tsofaffi. Amma a duba da idon yaron da aka yi wa ƙane, a ga abin da yake ɗauka.

Ga tatsuniyar Auta. Iyaye sun zo mutuwa, suka bar wa 'yarsu wasiyya cewa kada ta bar Auta ya yi kuka. Auta ya ce zai ƙona rumbu, ta hana, ya ɓare baki, ta ce to ƙona. Abincinsu ya zama toka, suka shiga duniya. Duk inda aka sauke su sai ya yi ɓarna su gudu, ita tana ɗauke da shi. A ƙarshe Auta ne ya kashe Dodo, shi aka yi wa kyauta, shi aka ɗaukaka. Yara suna son wannan tatsuniya, kuma akwai abin so a cikinta, domin yarinyar ba ta taɓa yar da ƙanenta ba ko da ya jawo mata masifa. Sai dai babbar ya da take saurare tana jin cewa girma shi ne a ƙone rumbunki ki yi shiru, a yaba wa wani. Ƙaramin kuma yana jin cewa kuka mabuɗin kowace ƙofa ne. Gidaje nawa ne a yau ake tafiyar da su da wannan wasiyya? “Ba shi, ai ƙanenka ne.” “Bar masa, kai babba ne.” Kullum babba ne mai bari, ko da abin nasa ne, ko da shi aka fara zalunta.

Ga kuma ta 'yar Bora da 'yar Mowa, wadda aka tura ɗaya wanke ƙirgi a ruwan Bagaja, tatsuniyar da Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934. 'Yar Bora mai ladabi ta dawo da dukiya, 'yar Mowa mai rashin kunya ta dawo da wulaƙanci. Darasin ladabi ne, babu shakka. Amma a gidan da akwai ɗaki biyu, yaro ba ya buƙatar a gaya masa wace ce Bora wace ce Mowa, da kansa zai raba. Wata uwar ma da gangan take zaɓen wannan tatsuniya, da murya mai ɗan ƙarfi don a ji a ɗaya ɗakin.

Ba muna kira a zubar da tatsuniya ba ne, kuma ba mu tare da masu cewa dukkanta haramun ce don ƙarya ce. Mai ba da ita da mai sauraro duk sun san misali ake bugawa, ita kanta takan rufe da shaida wa yara cewa ƙirƙira ce. Annabi (SAW) ya zauna ya saurari Nana A'isha tana ba shi dogon labarin mata goma sha ɗaya da mazajensu, wanda aka sani da hadisin Ummu Zar'in. Ƙaryar da ya kamata a ji tsoro wata ce daban, ita ce wadda ake yi wa yaro yana ɗauka gaskiya ce. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami da alkawarin za ta ba shi wani abu, Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. A auna wannan da abin da ake gaya wa yaro ranar da uwa ta tafi asibiti: “Kasuwa ta je, yanzu za ta dawo.” Ta dawo bayan kwana biyu da jariri, a ce sayo shi aka yi. Yaron da aka gaya wa sayo jariri aka yi, ba laifinsa ba ne in ya ce a mayar. Gaskiya daidai hankalinsa ta fi sauƙi: Allah Ya sa ƙanenka a cikin Inna kamar yadda Ya sa ka, zai fito kamar yadda ka fito, kuma za ta yi kwanaki tana hutawa.

A wasu ƙasashe, inda babu kaka a gida, marubuta sun cike gurbin da 'yan littattafai masu hotuna. A Amurka Ezra Jack Keats ya fitar da ɗaya a 1967, labarin yaron da ya ga ana sake fentin kayan jarirantakarsa don ƙanwarsa, ya ɗauke 'yar kujerarsa ya gudu ƙofar gida, da ya zo zama sai ya ga ta yi masa kaɗan. A Ingila wata marubuciya Musulma, Na'ima Robert, ta rubuta na yaron da aka yi wa ƙane, malamarsu ta sa kowane ɗalibi ya kawo abin da ake tarbar jariri da shi a gidansu, shi ya kawo dabino. Ba mu ce a kwafo waɗannan ba, kujera mai fenti ba ta cikin rayuwar yaron Jargaba. Amma shirin RANA da aka gudanar a makarantun firamare da na Islamiyya a jihohin Katsina da Zamfara ya nuna cewa ana iya rubuta wa ƙananan yara labari da Hausa su karanta da kansu. Ɗalibanmu na sashen Hausa da na addini da suke neman abin rubutawa, ga fili: labarin yarinyar da ta riƙe wa wanzami ƙoƙon ruwa ranar askin ƙanenta, ko yaron da aka ba ragon suna ya yi kiwonsa wata uku. Wanda kakarsa take da rai kuma, ya ɗauki muryarta a waya tun kafin a nema a rasa.

Labaran da muke da su tun asali

Abin mamaki shi ne, mafi kyawun labarin babbar ya da jariri yana cikin Littafin da yaranmu suke haddacewa. A Suratul Ƙasas da Suratu Ɗaha, mahaifiyar Annabi Musa (AS) ta sa shi a akwati ta jefa a kogi bisa umarnin Allah, sannan ta ce wa 'yarta ta bi sawunsa. Yarinyar ta bi shi daga nesa ba tare da an gane ta ba. Da jaririn ya ƙi nonon kowace mace a gidan Fir'auna, ita ce ta matso ta ce za ta nuna musu gidan da za su riƙe shi da amana. Ta hannunta Allah Ya cika alkawarin mayar da shi ga uwarsa. Babu Dodo a nan, babu Bora babu Mowa. Akwai yarinya mai wayo da ƙarfin zuciya wadda aka ba aiki ta yi shi. 'Yar shekara huɗu za ta gane wannan labari sarai, kuma idan aka ce mata, “Ke ce mai lura da shi kamar yayar Annabi Musa,” an ba ta matsayi maimakon wanda ta rasa. Sai dai a kiyaye, matsayi daban, bauta daban. Ba a cire yarinya daga makaranta a ɗaura mata goyo wuni guda a ce koyi take da yayar Annabi Musa.

Suratu Yusuf kuwa ta iyaye ce kafin ta zama ta yara. Aya 111, labari ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma tun a farko-farkonsa akwai maganar da 'yan'uwa suka yi a tsakaninsu cewa Yusufu da ɗan'uwansa sun fi su soyuwa a wurin mahaifinsu. 'Yan uba ne, kuma gidan Annabi ne. In har wannan tunani ya iya shiga gidan Annabi Yaƙubu (AS) ya kai yaro cikin rijiya, wane maigida ne a Bakori zai ce gidansa ya fi ƙarfinsa? A lura kuma da abin da Annabi Yaƙubu ya yi da Yusufu ya gaya masa mafarkinsa: ya hana shi gaya wa 'yan'uwansa. Uba ne da ya san cewa ba kowace falala ake bajewa a tsakar gida ba. Mu kuwa a gaban sauran muke cewa wannan ya fi kyau, wannan ya fi kai, wannan shi ya ɗauko ni. Idan za a ba yara wannan ƙissa, kada a tsaya a rijiya. A kai su har Masar, inda Yusufu yana da ikon ramawa ya yafe, ya jingina abin da ya faru ga Shaiɗan da ya shiga tsakani, ya ce a kawo masa iyalinsu gaba ɗaya.

Zuciya ba a hannun mutum take ba, uba yana iya jin wani ɗa fiye da wani. Abin da shari'a ta kama shi ne abin da ya fito fili. Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya yi wa ɗansa kyauta, matarsa Amra 'yar Rawaha ta ce ba ta yarda ba sai Manzon Allah ya shaida. Da ya je, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa irinta, ya ce a'a. Annabi ya ƙi shaida, ya umarce shi da tsoron Allah da adalci tsakanin 'ya'ya, a wata ruwayar Muslim ya tambaye shi ko yana so su zama daidai wajen yi masa biyayya. Bashir ya koma ya karɓe kyautar. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, da ya rubuta Tuhfatul Maududi kan hukunce-hukuncen jariri, bai tsaya a yanka da aski da suna ba, sai da ya shigar da maganar adalci tsakanin 'ya'ya a cikin littafin.

Wannan adalci ana gwada shi a ranar suna fiye da kowace rana, musamman idan namiji ya zo bayan mata. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, dabba ɗaya ake yankawa ran bakwai, namiji ne ko mace. Waɗanda suke yanka biyu ga namiji su ma suna da hadisinsu, ba mu da ja da su. Amma sa da makaɗa da anko kala biyu saboda Tanko ya iso, bayan yayyensa uku an yi nasu shiru da 'yar tunkiya, wannan ba ya cikin ruwayar kowa. 'Yan matan suna tsaye suna kallo, suna kuma lissafi. Suratun Nahli ta zargi mutumin da fuskarsa take baƙi idan aka yi masa albishir da 'ya mace. Wani fuskarsa ba ta yi baƙi ba a lokacin, sai ranar sunan namiji ne 'ya'yansa mata suka gane ashe da can ba murna ya yi ba.

Abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi. Tun ciki ya fito a fara gaya wa yaro labarin haihuwarsa shi kansa: ranar da aka haife shi, damina ce ko kaka, wa ya yi masa huɗuba, launin ragonsa, sunan wa ya ci kuma me ya sa. Babu labarin da yaro yake so kamar wannan, zai ce a maimaita har a gaji. Da haka idan ya ga ana yi wa jariri, ya san an riga an yi masa. Uba ya ɗauke shi zuwa masallaci da gona a kwanakin jego, tunda uwa ba ta da hannu. Mai zuwa barka ta fara gaida shi, ta ce masa barka da samun ƙane, domin shi ma an yi masa haihuwa. Hasan da Husaini ba su cika shekara ɗaya a tsakani ba, an haifi ɗaya a Ramadan na shekara ta 3, ɗaya a Sha'aban na shekara ta 4. Ranar da suka shigo masallaci suna tafe suna tuntuɓe kakansu yana huɗuba, da ya sauko daga mumbari su biyun ya ɗauka.

Sannan a ba babban aiki a cikin sunan, aikin da za a riƙa tuna masa. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Ummu Sulaim, mahaifiyar Anas ɗan Malik. Ɗanta ƙarami da ta haifa wa Abu Ɗalha ya rasu, ta yi haƙurin da ya shahara, Annabi (SAW) ya yi musu addu'ar albarka, ta sake samun ciki ta haifi namiji. Da za a kai jaririn wurin Manzon Allah, Anas aka ɗora wa, wansa da suke uwa ɗaya uba daban, yana saurayi a lokacin. Ya ɗauko shi tare da 'yan dabino. Annabi ya tauna dabinon ya sa a bakin jaririn, jaririn ya shiga tsotsa, ya raɗa masa suna Abdullahi. Anas ne ya riƙe wannan labari ya ba al'umma, har da yadda ƙanen nasa yake motsa baki.

Abdullahi ya girma ya haifi 'ya'ya masu karatun Alƙur'ani. Ɗaya daga cikinsu, Ishaƙ, ya zauna gaban wannan baffa nasa Anas ya ɗauki hadisi, daga baya ya zama malamin Imamu Malik a Madina. Duk ɗalibin da ya buɗe Muwaɗɗa a zauren malaminsa a Bakori ko Funtua zai yi ta cin karo da wannan salsala: Malik, daga Ishaƙ ɗan Abdullahi ɗan Abu Ɗalha, daga Anas ɗan Malik. Abdullahin da ke tsakiya shi ne jaririn da aka miƙa wa wansa a wancan yini.